Matasan Zango, Wa Ya Naɗa Mu Alƙalai?

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa. Ranar Asabar da ta wuce, bayan La'asar, a bakin tashar motar unguwarmu nan Kumasi, wata mata ta ce wayarta ta ɓata. Wani ya nuna wani yaro mai dako ya ce shi ya gani a kusa. Shi ke nan. Kafin kace kwabo an tsinke masa riga, an zube shi a ƙasa, wannan da bel, wancan da katako, wani ma da takalmi. Babu wanda ya laluba aljihunsa sai da jini ya fito masa ta hanci, kuma da aka laluba ba a sami komai ba. Waɗanda ba su kai hannu ba sun ɗaga waya suna ɗaukar bidiyo, kafin Magariba ya zaga WhatsApp, an rubuta a ƙasa: an kama ɓarawo.

Wa ya kama shi da me? Wa ya tambaye shi? Wa ya ji ta bakinsa?

Na san amsar da za ku ba ni, na sha jin ta: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. To ai sai ka tabbatar ɓarawon ne tukuna. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle zaton da aka gina a kan "an ce". Addininmu ya ɗora hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. An umarce mu da mu bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Annabi Yusufu, alaihis salamu, shekaru ya yi a kurkuku a kan ƙazafi. Duk mun karanta wannan a makarantar allo, amma da zarar wani ya ƙwala ihun ɓarawo sai karatun ya tashi daga kanmu.

Dokar ƙasa ma ba ta bar maganar a buɗe ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 19, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar a kotu ko shi da kansa ya amsa. Sashe na 14 ya ce wanda aka kama dole a gaya masa dalili nan take, cikin harshen da yake ji, a kuma gaya masa yana da damar ɗaukar lauyan da yake so. Idan ba a sake shi ba, a kai shi gaban alƙali cikin awa 48. Sashe na 15 ya hana azabtar da kowa ko wulaƙanta shi, ko da yana tsare. Wannan ɗan sanda mai kaki da bindiga ke nan aka ɗaure wa hannu haka. Kai da ba ka da kaki, ba ka da takardar komai, wa ya ba ka izinin fasa kan ɗan mutane?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu, mutanen zangon Kumasi, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin zafin wannan abu. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe samarinmu bakwai a Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne. Unguwar Asawase a nan Kumasi ta ɗauki zafi, muka fito kan titi muna cewa ba mu yarda ba, in ma masu laifi ne ai akwai kotu. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya bincika bai sami hujjar cewa 'yan fashi ba ne, har aka biya iyalansu diyya. Kuɗi bai dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba. A ranar bakinmu ɗaya: kada a hukunta mutum ba tare da shari'a ba. Yanzu kuma mu ne muke yi wa yaron da ba shi da gata abin da muka yi kuka an yi mana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma mu namu gemun ne ya ƙone, kuma ba mu ɗauki darasi ba.

Ku tuna Kyaftin Maxwell Mahama, wanda aka ƙara wa girma zuwa Manjo bayan rasuwarsa. A watan Mayu na 2017 ya fito motsa jiki a Denkyira-Obuasi, aka ga bindiga a jikinsa, aka yi ihun ɗan fashi, jama'a suka kashe shi. Soja ne yana bakin aikinsa. A watan Janairu na 2024 kotu a Accra ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. Bidiyon da aka ɗauka a wurin na cikin abin da ya tona asirinsu. Don haka kai mai ɗaga waya, da kai mai "ai bugu ɗaya kawai na yi", ramin mugunta a gina shi gajere. Ranar da aka zo kamu, taron nan da ya zuga ka ba zai raka ka gidan yarin Nsawam ba.

Wasu za su ce in ka kai ɓarawo ofishin 'yan sanda gobe ka gan shi yana yawo. Na ji wannan ƙorafin, kuma akwai takaici a ciki. Amma beli ba wankewa ba ne, shari'a tana nan tana jiransa. Tun 2016 Kotun Ƙoli ta ce babu laifin da za a hana kotu duba batun belinsa. Wannan damar kai ma taka ce ranar da wani ya yi maka sharri, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Da yawanmu in an kira mu shaida a kotu sai mu ce muna da aiki, ba ma zuwa, shari'a ta mutu, sannan mu dawo muna zagin alƙali.

Ga kuma wani abin da ba a so a faɗa. Cikin masu gaggawar ɗaukar katakon nan akwai waɗanda tun safe sun sha tramol, akwai waɗanda kuɗin cefanen uwarsu ya tafi a cacar ƙwallo. Mutum ya kasa riƙe kansa amma shi ne zai gyara gari! Haushin rashin aiki da haushin caca duk sai a sauke su a bayan bawan Allah da ba a san danginsa ba. Ku lura, ba kasafai ake yi wa ɗan mai kuɗi irin wannan taron ba. Galibi sai ɗan dako, ko baƙo daga arewa da bai iya harshen Tuwi ba, ko mai taɓin hankali.

Ku ji tsoron Allah, ƙannena. In an kama mutum a riƙe shi, a kira manya, a miƙa shi ga hukuma.

Da can a zangon nan, in rigima ta tashi, dattijo ɗaya ya isa. Ya ɗaga hannu ya ce ku bari, kowa sai ya ja baya. A kai wanda ake zargi ƙofar sarkin zango ko zauren liman, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a ji ta bakinsa a ji ta mai kaya. In an same shi da laifi a san yadda za a yi, in ba a same shi ba a ba shi haƙuri a gaban jama'a. Yau dattijo ya ce a bari, yaron da bai kai jikansa ba zai ce masa ko kai ma da kai ake sata. Iyaye sun koma kallo daga bakin ƙofa suna tsoron 'ya'yan da suka haifa, limamai suna faɗa a huɗuba, masu yi kuwa suna waje suna latsa waya har a tayar da salla.