Kafin Ka Ce A Kori Baƙi

'Yan'uwana matasa, duk majalisar da aka taɓo tsadar rayuwa da rashin aikin yi, ba a daɗewa sai wani ya ɗaga murya ya ce a rufe boda, a kori baƙi, su ne suka cinye mana arziki. Maganar tana damuna ƙwarai, domin mafi yawan masu faɗinta ba su san an taɓa yi ba, kuma mu ma an taɓa yi mana.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia a Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Cikin waɗanda abin ya faɗa wa akwai Yarbawa 'yan tireda, akwai Hausawan zango, jikokin fataken goro, wasunsu a can aka haife su, ba su taɓa ganin Kano ko Katsina ba. Suka karyar da kayansu, suka bar gidaje da rumfuna, suka hau manyan motoci da 'ya'yansu. Ku tambayi dattawan da suka ga wannan zamani, har yau wasu ba sa iya ba da labarin ba tare da muryarsu ta canza ba.

Da farashin mai ya faɗi, sai Najeriya ta rama. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu 'yan Ghana ne, har jakar da suka zuba kayansu ta samu sunan da muke kiranta da shi yanzu, wato Ghana-Must-Go. To, aikin ya samu? Masana'antu suka ci gaba da sallamar ma'aikata, kayan masarufi suka yi wuya, kafin shekarar ta ƙare soja suka karɓi mulki. Ciwon yana wajen dogaro da mai, aka je aka ɗaure wani wurin.

Na kusa ma mun gani da idonmu. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Gaskiya ne manoman shinkafa a Kebbi da masu injin casa a Kano sun amfana, kuma wanda ya kawo wannan hujja a saurare shi da mutunci, domin kare manomi abu ne mai kyau. Amma buhun shinkafa ya yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka koma hanyoyin daji da babura, aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Illela da Maigatari suka sha wuya a garuruwansu. Bayan juyin mulkin Nijar na 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024, dabbobi suka daina shigowa yadda aka saba, 'yan kasuwar Maraɗi da na Dawanau suka yi asara tare.

Don Allah idan za ku yi gardamar nan, ku raba zancen harajin kaya da zancen mutane. Ku yi ta muhawara a kan kwastan da tsaron iyaka da rajistar masu shigowa, babu laifi. Amma mai ga-ruwan da ya taso daga Tawa ko Damagaram yana tura kurarsa a unguwarku, kada ku zage shi, kada ku kira shi ɓarawon arziki. Yau ɗin nan akwai 'yan'uwanku a Kumasi da Yawunde da Khartum da Jidda, suna kwana da fargabar ranar da za a ce musu su tattara.