Me ya sa godiya a wurin aiki kullum sama take hawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin ranar ma'aikata, 1 ga Mayu, a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru ya san yadda abin yake. Kowane kamfani da ankon atamfarsa, ma'aikata sun jeru cikin rana suna wucewa ta gaban rumfar manya. Da yamma a taru a ci a sha, sai wakilin ma'aikata ya miƙe ya shiga jero wa darakta godiya: godiyar atamfa, godiyar abinci, godiyar "yadda yake riƙe da mu kamar 'ya'yansa". Sunan ranar dai ta ma'aikata, amma in ka bi sawun godiyar da aka yi a wurin, kusan dukkanta sama ta nufa.

Ba laifi ba ne a gode wa shugaba, kuma zan zo kan wannan. Abin da ke damuna shi ne mun mayar da albashi tamkar kyauta. Wata ya ƙare, a biya mutum kuɗin da ya yi wa gumi, sai ka gan shi yana russunawa yana "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe", mai gida kuma ya amsa da "ba komai", kamar daga aljihunsa ya yi sadaka. Tun ana yi don ladabi, har mai biya ya fara ɗauka da gaske taimako yake yi. Daga nan ne jinkirin albashi ke daina zama abin kunya.

Alhali doka ba ta bar wannan a duhu ba. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta shekarar 1992 ta ce mai albashin wata a biya shi cikin kwana 8 bayan ƙarewar watan. A watan Maris na 2023 gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 36,270: aka mayar da shi 45,000 a fannin noma, 60,000 a sauran fannoni masu zaman kansu. A Chadi ma 60,000 ne. Yanzu a zagaya shagunan babbar kasuwar Marwa, ko garejojin Gaundare, ko gidajen abinci na Kusiri, a tambayi yaran da ke aiki nawa ake ba su, kuma wa ya yi musu rajista a CNPS, hukumar inshorar ma'aikata, don fansho. Mai karatu ya san amsar da zai ji ba sai na faɗa ba. Mai gidan da bai cika wannan ba, ya ajiye zancen godiya tukuna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Bai ce a ba shi daɗin baki ba.

Malaman makaranta sun nuna mana iyakar daɗin baki a farkon 2022, lokacin yajin aikin da aka sani da OTS, wato "mun gaji da haƙuri" a Faransanci. Shekara da shekaru ana kiran su ginshiƙan ƙasa a kowane jawabi, alhali wasunsu na shiga aji babu cikakken albashi, wasu ma babu lambar aiki. A Beka, nan yankin Faro, wani malamin motsa jiki ya rasu a tsakiyar wannan yajin bayan ya yi kusan shekara goma yana koyarwa ba albashi. Bayan rasuwarsa yabo ya yi ta kwarara. Ban san abin da yabon ya amfana wa iyalinsa ba.

To, a ce an biya haƙƙi daidai. Shi ke nan? Akwai masu gida da yawa, musamman cikin 'yan kasuwarmu, da za su ce maka: "Godiyar me? Ai biyansa nake." Wasu kuma na tsoron in ka yabi yaro kansa zai kumbura, gobe ya nemi ƙari ko ya raina ka. Na fahimci wannan tsoron, amma ban yarda da shi ba.

Ɗauki mai gadin sito. Dare ya raba cikin hunturu, ya ji motsi a bayan katanga inda aka jibge buhunan albasa da za a loda zuwa kudu. Albashinsa ɗaya ne ko ya tashi ya haska tocila ya zagaya, ko ya ƙara jan bargo ya ce kare ne. Babu kwantiragin da zai tilasta masa tashi, babu wanda zai gani. Da safe kuma mai gida ya shigo da mota, gilashi a rufe, ko kallon wanda ya buɗe masa ƙofa bai yi ba. Haka direban tirela da ya lura da ƙarar da ba ta saba ba a inji tun kafin ya bar Garwa, ya tsaya aka duba maimakon ya lallaɓa har motar ta mutu a hawan dutsen Gaundare da kayan mutane. Haka mai ɗinkin da ya warware aiki ya sake don ya ga layi ya karkace, ko da mai kayan ba zai lura ba. Wannan ɓangaren na aiki albashi ba ya sayen sa. Mutum na yin sa ne in ya san ana ganin sa, kuma yana daina yi a hankali in ya tabbatar da yi da rashin yi duk ɗaya ne. Mai gidan da ke rowar godiya yana asara, sai dai asarar ba ta fitowa a littafin lissafi da sunanta. Takan fito a matsayin kayan da suka ɓace, ko ƙwararren yaro da maƙwabci ya ɗauke.

Kuma godiyar da nake nufi ba "sannunku da aiki" da ake jefa wa taro a wuce ba ce. Ita ce a kira mutum da sunansa, a faɗi abin da ya yi: "Malam, jiya da ba ka sake ƙirga kayan nan ba da mun tafka asara, na gode." A gaban abokan aikinsa in ya samu. Mu kan yi akasin haka, faɗa a bainar jama'a, yabo kuwa, in ma an yi, a ɓoye.

Abin mamaki, kakanninmu 'yan kasuwa sun fi mu sanin wannan. Yaron shago ya yi shekaru yana bin mai gidansa, ranar da ya isa sai a sallame shi: a ba shi jari, a haɗa shi da masu ba da kaya, wani lokaci har a yi masa aure. Manyan attajirai da dama a garuruwan nan ta wannan hanyar suka tashi. Yau sau nawa muke jin yaro ya shekara goma a shago, da lokacin sallama ya matso sai a nemo masa laifin sata a kore shi hannu rabbana? Ita ma gwamnati tana da tata sallamar a takarda, lambar yabo ta aiki: ta azurfa bayan shekara 10, ta gaba bayan 15, ta zinariya bayan 25. Tsari ne mai kyau. Sai dai wanda ba a taɓa rubuta sunansa a matsayin ma'aikaci ba, ta ina lambar za ta same shi?

Yanzu ga batun shugabanni. Akwai mutumin da kusan ba wanda ke gode masa, wato shugaban tsakiya: shef na sashe, babban ma'aikacin jinya, daraktan ƙaramar makaranta a ƙauye, shugaban leburori. Na sama na matsa masa, na ƙasa na zaginsa. Shi ne ke rufa maka asiri ranar da ɗanka ya kwana da zazzaɓi ka makara, shi ne ke bin takardarka ofis ofis har Yawunde, shi ne ke shan faɗa a madadinka bai faɗa maka ba. Irin wannan ya cancanci godiya, yabon gwani ya zama dole, kuma hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ma'aikata da yawa na jin nauyin yi don kada a ce suna neman shiga.

Tsoron nasu na da dalili, domin fadanci ya cika wuraren aikinmu har ya ɓata sunan godiya. Amma bambance su ba wuya. Bafade kan yabi kujera, ya yi a gaban mutane, kuma yana da buƙata a aljihu. Ranar da aka yi wa shugaban canjin wurin aiki, shi ne na farko a ƙofar sabon. Mai godiya kuwa abu takamaimai yake ambata, abin da ya riga ya wuce, ba ya jiran komai.

Saboda haka ne ma nake ganin ya kamata a daina al'adar nan ta yanka wa ƙananan ma'aikata kuɗi don a saya wa darakta kyauta in ya samu ƙarin girma ko zai aurar da 'ya. Takarda na yawo, kowa na ganin abin da kowa ya rubuta, mai shara da ke karɓar 60,000 na ciro dubu biyu don kada a sa masa ido. Shugaban da ya san ciwon kansa shi ne zai fara hanawa, ya ce duk wanda ya sake zagayawa da takarda da sunansa, su biyu ne.