Kafin Ka Ce Yaronka Ya Lalace

Assalamu alaikum, iyaye maza da iyaye mata.

Akwai yaron da in ka leƙa ɗakinsa ƙarfe 2 na dare, za ka tarar ya dunƙule cikin bargo, hasken waya na haska masa fuska. Asuba ta wuce shi, ya tafi makaranta idanu a kumbure, sakamakon jarrabawa ya fito ba daɗin gani. Sai mu ce ya lalace. Wallahi sau da yawa ba lalacewa ba ce, yininsa ne ya zama ba kai ba gindi, kuma bai san ta inda zai kamo bakin zaren ba.

Lokacin da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu bn Jabal zuwa Yaman, bai ce ya jibge wa mutane addini gaba ɗaya ba. Cewa ya yi ya fara kiransu zuwa ga shahada, in sun amsa ya sanar da su salloli biyar, in sun amsa sannan zakka. Manya ke nan fa. Mu kuwa rana ɗaya muke so ɗan shekara 15 ya tashi da asuba, ya yi hadda, ya gyara ɗaki, ya rabu da abokan banza, ya ajiye waya. Abin ya fi ƙarfinsa, sai ya watsar da duka, mu kuma mu ƙara masa da faɗa.

Ku fara da barci. Masana lafiya sun ce matashi daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Wanda bai samu ba, ga saurin fushi, ga mantuwa. A tsayar da lokacin kwanciya, waya ta kwana a falo. Har da taka, Baba. Har da taki, Mama. Yara sun fi jin abin da suka gani.

Sai salla, ita ce turakun da za a ɗaure sauran yinin a jikinsu. A Suratu Ɗaha, aya ta 132, Allah Ya ce ka umarci iyalinka da salla, kuma ka daure a kanta. Dauriyar nan taka ce kai mai umarnin. Ba ƙwala kira daga bakin ƙofa ba. Shiga ciki, taɓa ƙafarsa a hankali, ka tsaya har ya yi alwala, ku yi tare.

In waɗannan biyu sun zauna, ko da za su ci makonni, sai a ƙara rabin awa na karatu da wani aikin gida guda ɗaya da ya san nasa ne. Ku tambaye shi lokacin da ya fi masa, domin abin da ya sa bakinsa a ciki ya fi riƙe shi. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. Ranar da ya kuskure, kada a tono masa laifin bara. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, Annabi bai taɓa ce masa ko "tir" ba.

Amma in kun ga ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa kowa, ko yana cewa ya gaji da rayuwa, ku yi masa addu'a, kuma ku kai shi wurin likita a ranar, kada ku jira gobe.