Sojan wucin gadi a Birtaniya da 'yan sa-kai a gida

A Birtaniya, inda nake zaune, akwai malaman makaranta da direbobin bas da ma'aikatan jinya waɗanda sunayensu ke cikin rajistar sojan ƙasa. Su ne dakarun ko-ta-kwana, rundunar da tushenta ya faro tun 1908, kuma yawancinsu ana buƙatar su yi horon aƙalla kwana 27 a shekara, ciki har da zaman sansani na mako biyu. Wani abokin aikina yakan tashi daga aiki da wuri ran Talata da jakar kakinsa a kafaɗa, ya tafi atisayen yamma, washegari ya dawo kan teburinsa kamar kowa. Bindigar da ya riƙe tana kwana a ma'ajiyar makamai, ana biyansa kuɗin kowace ranar da ya yi, kuma idan aka kira shi fagen daga, kamar yadda aka kira dubbansu zuwa Iraƙi da Afganistan, doka ta tilasta wa wurin aikinsa ya mayar da shi idan ya dawo.

Mu ma a Najeriya muna da masu yaƙin wucin gadi, sai dai larura ce ta haife su. A 2013 matasan Maiduguri suka fito da gora da adda suka taimaka wajen fatattakar Boko Haram daga cikin gari, domin sun san unguwa sun san fuska, abin da sojan da aka turo daga nesa bai sani ba. Katsina ta kafa nata dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a 2024. Ba na shakkar jarumtarsu, kuma hatsarin da suke shiga ya fi na abokin aikin nan nawa nesa ba kusa ba.

Damuwata ita ce wanda ke riƙe da linzami. Sojan ko-ta-kwana a nan Birtaniya yana ƙarƙashin dokar soja da kwamandan da zai amsa tambaya idan an yi ba daidai ba, alhali kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwannin Zamfara ba tare da shari'a ba yana cikin abubuwan da suka rura wutar da ake fama da ita yau. Rundunar da gwamna ya kafa kuma takan iya rasa alawus ranar da ya sauka, ga makami a hannu.

A ganina majalisar tarayya ce ya kamata ta yi dokar da za ta tattara waɗannan matasa cikin rajista guda, a ɗora tsofaffin sojoji masu sauran ƙarfi su horar da su, a kuma rubuta ƙarara abin da za a bai wa iyalan wanda ya mutu a bakin aiki.