Lissafin sauro ba ya cika sai an saka halin ɗan adam

Daren jiya ba wuta, zafi ya kore mu duk muka fito tsakar gida da tabarmi, gidan sauro kuma yana can ɗaki a rataye. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don na san a takardar masu rabon gidan sauro gidanmu yana cikin gidajen da suka samu kariya, alhali ga yara nan kwance a waje sauro na ta shagali.

Tun 1911 Ronald Ross, baturen Ingila da ya gano cewa sauro ne ke yaɗa maleriya, ya nuna da lissafi cewa ba dole sai an kashe sauro kaf ba, in aka rage yawansu ƙasa da wani mizani cutar da kanta za ta ja baya. George Macdonald ya zo a shekarun 1950 ya ƙara cewa tsawon ran sauron ma ya fi yawansa muhimmanci, don ƙwayar cutar tana bukatar kwana goma ko fiye a cikinsa kafin ya iya sa wa wani. Lissafi ne mai kyau, amma mutumin da ke cikinsa ba ya jin zafi, ba ya hira a dandali har sha biyun dare, ba ya mantuwa.

Kuma fa a ƙasarmu aka gwada. Aikin Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi feshi a ɗakuna sun raba magani a ƙauyuka, har aka gina wani sanannen tsarin lissafi a kan bayanan da aka tara. Cutar ta ragu sosai amma ba ta yanke ba, wasu sauron in sun yi cizo waje suke fita su huta, ba sa sauka a bangon da aka fesa, da aka daina aikin kuma ta dawo.

To ni abin da nake gani shi ne, mu ma haka muke. In yaron makwabta ya kwanta asibiti kowa zai ɗaura gidan sauro ya share kwata, bayan sati uku an ji shiru sai a saki jiki, sai cutar ta sake tashi, sai tsoro ya dawo. Masu lissafi na yanzu sun fara saka wannan hawa da saukar tsoron cikin kwamfuta, kuma wannan ne aikin da nake so matasanmu masu karatun lissafi su rungume, don su ne suka san lokacin da ake kwana a waje, su ne suka san uwar da ta ba yaro maganin rigakafin damina ranar farko a gaban ma'aikata, na kwana biyun da suka rage kuma ta ajiye saboda ya yi amai. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, don Allah in an zo ƙirga a daina tsayawa kan gidan sauro nawa aka raba, a tambayi mutum nawa ne suka kwana a cikinsa daren jiya.