Kafin ka biya kuɗin fom, tambayi inda takardar za ta kai ka

Duk mai tuntuɓata kan karatun ilimin halayyar ɗan'adam a waje, tambayarsa ta farko ita ce wace jami'a ce ta fi suna. Ni kuwa nakan tambaye shi: in ka gama, so kake ka riƙa ganin masu fama da damuwa, ko bincike da koyarwa za ka yi? Da yawa sai su yi shiru. Ni ma haka na shigo Ingila, ban da amsa.

Digiri na biyu a nan shekara ɗaya ne, kuma samun gurbi ba ya da wuya in kana da kuɗi da sakamakon IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. Saurin nan shi ke jan mutane. Sai da na yi nisa na gane cewa takardar ba ta ba ni izinin duba majiyyaci ko ɗaya. Mai son wannan aiki sai BPS, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Birtaniya, ta amince da digirinsa, sannan ya yi digirin digirgir na shekara 3 a ɓangaren kula da majiyyata, ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista. Guraben da hukumar lafiya ta NHS ke biya wa kuɗi kuwa, galibi na masu izinin zama da aiki a ƙasar ne. Baƙo sai dai ya nemi 'yan guraben da ake biya da aljihu. Har yau ina jin zafin cewa ba wanda ya faɗa mini wannan tun da wuri.

Amurka daban take. Digirin digirgir yakan ci shekara 5 zuwa 7, amma jami'o'i da yawa suna yafe kuɗin makaranta, su ba ka alawus kana taya koyarwa ko bincike. Akasari ana rufe karɓar takardu wajen 1 ga Disamba, kuma tun daga 2020 sassa da dama sun daina neman GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digirin farko. Sai dai a can malami kake nema, ba jami'a ba. Na taɓa kwashe mako biyu ina gyara wasiƙa zuwa ga wata farfesa, na karanta ayyukanta har na kusa haddace su. Amsarta layi biyu ce: ba ta ɗaukar ɗalibi a bana. Da ban tambaya ba, da kuɗin fom ya tafi a banza.

A ganina, wanda ba shi da mai ɗaukar nauyinsa ya fi dacewa ya yi haƙuri, ya samu shekara ɗaya ko biyu yana aikin bincike ƙarƙashin wani malami, sannan ya nemi Amurka. Gasar tana da tsanani, musamman ɓangaren kula da majiyyata, ban ɓoye ba. Ingila kuma ta dace da wanda ya samu tallafin karatu irin na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, ko wanda ke son digiri na biyu ya zame masa tsani zuwa bincike.

Kuma a wasiƙar bayanin kai da ake haɗawa da fom, a daina buɗewa da cewa tun ina yaro nake son taimakon mutane. Faɗi tambayar da ke hana ka barci. Tawa ita ce yadda kalma ɗaya, damuwa, take ɗauke da abubuwan da ma'aunan gwaji na Turanci suka raba gida-gida, kuma a kanta na gina wasiƙar da nake shirin aikawa a Disamban nan.