Wai masu ƙera mana kaya suna tuna muna da zuciya kuwa?

Jama'a yau zan ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Ni a ganina babu sakan ashirin da ya kai tsayin wanda mutum zai tsaya gaban mai shago a kasuwar Kwari ko Singa a nan Kano ya yi transfa, ɗan abin nan yana ta juyawa a fuskar waya, bai ce ya tafi ba bai ce bai tafi ba, juyawa kawai yake. Mai shago na kallonka, yaron shago ya ɗaure kaya amma bai sake su ba, na bayanka sun fara tsaki. Can sai alat ya shigo an cire kuɗi, shi kuma mai shago ya duba tasa wayar ya ce Alhaji wallahi ban gani ba. To me za ka ce? Ba ka yi ƙarya ba amma ka yi tsayuwar maƙaryaci. Abin da wayar za ta rubuto maka kuma wasu lambobi ne da Turancin da ko ɗan boko sai ya karanta sau biyu.

Mun saba mu ce netwok ne, Allah ya kyauta, a wuce wajen. Eh netwok na da nasa laifin. Amma abin da ya fito a fuskar wayar a daidai wannan lokacin wani ne ya zauna a ofis ya tsara shi, kuma da ya ga dama zai iya sa ta ce maka kuɗinka na hanya, ga shaida nuna wa mai kaya, in ba su isa ba za su dawo maka zuwa lokaci kaza. Bai sa ba, saboda da yake tsarawa lissafinsa kawai kuɗi su tashi daga nan su sauka can, bai taɓa kawo fuskar dattijon da zai ji kunya a tsakiyar kasuwa ba. Ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace kowa ya koma transfa dole. Me ya sa 'yan kasuwa suka yi ta komawa su OPay da Moniepoint? Ba talla nake musu ba, ko sisi ba su ba ni ba. Mutane sun koma ne don ana turawa ana gani, a rabu lafiya ba musu. Kwanciyar hankali suka bi.

Maganata kenan yau. Duk abin da aka ƙera, daga manhajar waya har kujerar tsakar gida, yana taɓa zuciyar mai amfani da shi ko maƙerin ya nufa ko bai nufa ba. Kuma ni abin da nake auna kaya da shi shi ne ya bar ni da mutuncina da natsuwata bayan na gama da shi, ko kuwa ya tafi da su.

Wannan fa fanni ne da ake karanta shi a jami'o'i. Tun 1995 wasu masu bincike biyu a kamfanin Hitachi na Japan suka ɗauki tsarin fuskar ATM kala 26 suka nuna wa mutane, sai aka ga wanda ya fi kyau a ido shi mutane ke cewa ya fi sauƙin aiki. Wani malami a Isra'ila ya ce ai wannan halin mutanen Japan ne da son ƙawa, ya maimaita gwajin a ƙasarsu, sakamakon ya sake fitowa haka. To wannan kowa ya sani, ko mai sayar da atamfa ya sani, ido ne ke fara saye. Amma ni kyau shi ne ƙaramin ɓangaren maganar, kuma nan ne namu masu ƙira suka fi tsayawa, a zuba kala a sa ƙyalƙyali shikenan an gama.

Labarin da ya fi zauna min a rai na wani injiniya ne mai suna Doug Dietz a kamfanin GE na Amurka, wanda ya yi shekaru yana ƙera na'urar ɗaukar hoton MRI. Wanda ya taɓa shiga ya sani, rami ne ake tura ka ciki, ga ƙara kamar ana fasa dutse, kuma an ce kar ka motsa. Ya je asibiti yana alfahari da aikinsa sai ya ga an kawo wata ƙaramar yarinya tana kuka don tsoro, aka gaya masa ai yara da yawa sai an yi musu allurar barci kafin a iya ɗaukarsu. Injin lafiyarsa ƙalau, hoto tar. Abin da ya yi daga baya bai taɓa cikin injin ba, ɗakin ya sauya, aka yi fenti aka mayar da na'urar kamar jirgin ruwa, ma'aikata suka koyi ba yara labari, a ce wa yaro kwanta lamo kar 'yan fashin teku su gan ka, ƙarar nan kuwa ta jirgi ce. Yaran da ake wa allurar barci suka ragu sosai. Yanzu dan Allah ku tuno ɗakin jiran yara a asibitocinmu, benci na ƙarfe, bango ba ko zane, uwa na riƙe da yaro tun asuba babu mai ce mata saura mutum nawa. Allon lamba da fenti nawa za su ci?

Kar a ce sai Turawa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a nan Jigawa maƙwabtanmu, ya fito daga gidan masu ginin tukwane, shi ya yaɗa firjin nan na tukunya cikin tukunya. Ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan na tsotsewa yana fita da zafi, tumatir da yalo da alayyahu su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Babu wuta babu janareta. Ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000 a kan wannan. Abin da ya burge ni shi ne inda amfanin ya je ya tsaya, domin gidan da kayan lambu ba sa ruɓewa a kwana biyu ba dole ne a karyar da su a kowane farashi ba, kuma ba dole ne a ɗora wa yarinya tire kullum ta tafi talla don kar a yi asara ba, tana iya zuwa makaranta. Mutumin nan ya san gidajen da yake yi wa aikin, ya san wa ke shan wahala in tumatir ya ruɓe.

Ko Nokia mai tocila, 1100, da ta fito a 2003. Wani ne ya yi tunanin akwai ƙasashen da wuta ke ɗaukewa, akwai ƙura, akwai hannu mai gumi, ya sa mata ɗan fitila a ka da madannai da ƙura ba ta shiga da sauƙi. Ta sayu fiye da miliyan 200, kuma wayar da ta cika wa Nokia biliyan ɗaya a 2005 irinta ce, a Najeriya aka saye ta. Wa zai ƙirga tsofaffin da wannan tocilar ta raka masallaci da asuba? Tecno ma da ta cika kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut, ban da araha da layi biyu da batir mai jimiri, sun gyara kyamararsu don ta fitar da baƙar fata yadda take, lokacin da wasu manyan wayoyi in ka yi hoto da daddare sai haƙora da ido kawai. Amarya ta ga kanta ta yi kyau a hoton bikinta, wannan ba ƙaramin abu bane, duk mai ƙanne mata ya sani.

To amma akwai ɗaya ɓangaren, kuma shi ya fi tayar min da hankali. Akwai masu ƙirar da suka san zuciyarmu sarai, sun fi mu saninta ma, sai dai da sanin suke farautarmu. Wannan jan allo da yatsa da ba ya ƙarewa, kana ja wani na fitowa, wani mutum ne mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro shi a 2006, daga baya ya fito fili ya ce ya yi nadama. Da can in ka kai ƙarshen shafi sai ka danna kafin ka shiga na gaba, a wannan ɗan tsayawar ne hankali ke dawowa ka ce kai bari na tashi. Sai aka cire tsayawar. Kamar a ba ka akushin tuwo ana ƙara maka ta ƙasa ba ka sani ba, yaushe za ka gane ka ƙoshi? Shi ya sa za ka ga magidanci ya ce bari na ɗan duba TikTok bayan isha'i, sai ya ji kiran assalatu yana neman shigowa, ya tashi da ciwon kai da haushin kansa. Ya yi dariya kam, amma ka tambaye shi ko ya ji daɗin daren.

Kuma wannan dandalin da nake rubutu a kai ba shi da tsarki a maganar. A Janairun 2012 Facebook ya yi gwaji na mako guda a kan mutum 689,003, wasu aka rage musu rubuce-rubucen farin ciki da suke gani, wasu aka rage musu na ɓacin rai, don a ga ko nasu rubutun zai bi sahu. Ya bi, ko da yake kaɗan ne. Ba a tambayi kowa ba, sai 2014 da aka wallafa sakamakon duniya ta ji. A 2021 kuma wata tsohuwar ma'aikaciyarsu Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida da ke nuna kamfanin ya san Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin jikinsu. Yanzu sun zo suna ba mu maɓallin ɓoye adadin layik, wayoyi tun 2018 suna ƙirga mana awannin da muka ƙona, TikTok a 2023 ya sa wa 'yan ƙasa da 18 iyakar minti 60 wadda yaro ke wucewa da danna lambobi. Madalla, amma wanda abincinsa ke cikin daɗewarka a kan allo ba shi zai tsaya da gaske ya kore ka ba.

Mafi muni a wajena manhajojin bashin nan. Ka ci dubu goma, ka makara kwana uku, sai su kwashe lambobin wayarka su tura wa surukinka da limamin unguwarku da mai gidanka a kasuwa cewa kai ɓarawo ne. Wanda ya tsara wannan ya yi nazarinmu, ya gano a nan mutum ya gwammace ya kwana da yunwa da asirinsa ya tonu, sai ya ɗora kasuwancinsa a kan daidai wannan wurin. Sai da hukumar kare masu saye ta ƙasa, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irinsu leƙa lambobi da hotunan waya a 2023, amma har yau ba su ƙare ba.

Na san wani zai zo ƙasa ya ce Malam mu da muke neman na masara kai kana zancen jin daɗin zuciya. Ɗan'uwa ai talaka ne ya fi kowa buƙatar wannan. Mai kuɗi in abu ya ɓata masa rai jefarwa yake ya sayi wani, ko ya aiki yaro ya bi masa layi. Kai ne za ka zauna da wayar shekara huɗu, kai ne za ka hau adaidaita kullum kanka na bugun ƙarfen rufi a kowane rami, mahaifiyarka ce za ta yi ta fama da tsayin matakin tana tattare zani tana neman abin kamawa babu. Tun 2005 zamanin Malam Shekarau ake wannan keken a garin nan, an yi masa labule an yi masa sitika an sa masa sifika mai fasa kunne, amma sau nawa ka ga wanda aka ƙara wa ɗan mataki ko mariƙi don tsofaffi da masu ciki? Ga masu walda nan a ko'ina, aikin rabin yini ne.

Kakanninmu fa sun iya wannan abin ba tare da digiri ba. Shiga tsohon gida a cikin Birni ka kalli zaure. Baƙo ya samu inuwa da wurin zama, an karrama shi, amma ƙofofin an karkata su yadda idonsa ba zai faɗa tsakar gida ba, matan gida na harkarsu a sake. Katangar ƙasa mai kauri, a Afrilu da zafi ke haura 40 ciki da sanyinsa. Mu kuma muka zo muka gina bulo da kwano mai gajeren silin, da tagar gilashi mai turawa wadda rabi kawai take buɗewa, ƙofar falo na kallon kicin, in baƙo ya zo uwargida ta zama fursuna a ɗaki har ya tafi, in an ɗauke wuta kowa ya kwaso tabarma ya fito waje. A hoto gidan ya yi kyau kam. Ban ce a koma tubali da azara ba, amma mai zanen gida ya zauna da matar da za ta wuni a ciki ya tambaye ta mana, ba maigida kaɗai da zai fita tun safe ba.

Ku kuma ƙannena masu koyon haɗa manhaja, na BUK da na jami'ar Wudil da masu koya a waya, kuna burge ni wallahi, amma kafin ku nuna wa abokanku abin da kuka haɗa ku kai wa gwaggonku mai sayar da ƙuli, ku miƙa mata wayar ku yi shiru, kar ku taimaka. Ku kalli fuskarta. In ta fara cewa ni fa ina tsoron kar na danna kuɗina su tafi, to aikinku bai gamu ba. Ku sa murya da Hausa don ba kowa ke karatun boko ba, ku sa ta iya komawa baya in ta yi kuskure, ku ɓoye mata balans ɗinta sai ta nema don a cikin mutane take danna wayar, kuma dan Allah ku daina turo saƙo ƙarfe biyun dare.